Demostinis: Daga Sarƙewar Harshe Zuwa Gwanintar Magana

An haifi Demostinis a birnin Atina na ƙasar Girka a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa. Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya rasu, waɗanda aka danƙa wa riƙonsa kuma suka cinye gadon. Da ya kawo ƙarfi sai ya maka su gaban shari'a, ya kuwa yi nasara. Daga nan ya ƙudura zama mai faɗa a ji.

Sai dai harshensa ya so ya hana shi. Marubucin tarihin nan Fulutak ya ruwaito cewa maganarsa tana sarƙewa, muryarsa ba ƙarfi, numfashinsa gajere, har jama'a suka yi masa dariya a jawabinsa na farko. Saboda haka ya shiga horon kansa, yana zuba tsakuwa a baki yana karatu. Marubutan Rum sun ƙara da cewa yakan je bakin teku a Faleron, ya ɗaga murya cikin rurin raƙuman ruwa, domin ya saba da hayaniyar taro.

Wannan dabara ta bakin teku ita ce abin lura ga ɗalibin harshe, domin kunnen mai magana yana biye da bakinsa a kullum. A 1950 wani Ba'amurke, Bernard Lee, ya nuna cewa idan aka jinkirta komowar muryar mutum zuwa kunnensa da abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, ko mai lafiyayyen harshe sai ya dinga tuntuɓe. A 1956 kuma Cherry da Sayers a Ingila suka gano cewa ƙarar da ta danne wa baligi mai i'ina muryarsa tana rage i'inar ƙwarai, amma da ƙarar ta ɗauke, galibi i'inar takan dawo. Ke nan rurin teku yana iya sakin harshe na ɗan lokaci, naci kuwa shi ya ɗorar da Demostinis.

Daga shekara ta 351 ya yi ta gargaɗin Atinawa game da Filibus, Sarkin Makidoniya. Ya haɗa kan Atina da birnin Tibis, amma aka ci su da yaƙi a Kairuniya a 338. A 322, da mutanen Makidoniya suka rutsa shi a tsibirin Kalauriya, sai ya sha guba maimakon ya faɗa hannunsu. Har yau ana karanta jawabansa a jami'o'i, ana koyon balaga da su.