Jacobus Henricus van 't Hoff (1852–1911) da Awon Saurin Sauyin Sinadarai

An haifi Jacobus Henricus van 't Hoff a birnin Rotterdam na ƙasar Holan ranar 30 ga Agusta, 1852. Mahaifinsa likita ne. Ya yi karatu a Delft da Leiden, ya zauna gaban Kekulé a Bonn da Wurtz a Faris, kana ya sami digirin digirgir a Utrecht a 1874. A shekarar ce, yana ɗan shekara 22, ya bayyana ra'ayinsa cewa hannuwa huɗu na ƙwayar zarrar kabon ba a shimfiɗe suke ba, kowanne ya nufi kusurwarsa tamkar dala. Da ya rasa gurbi a jami'a, sai ya kama koyarwa a makarantar likitancin dabbobi ta Utrecht. Da wannan aiki ne shehin malami Hermann Kolbe ya yi masa gori a 1877, yana ganin ra'ayin nasa tatsuniya ce kawai. Shekara guda bayan gorin aka naɗa shi farfesa a Amsterdam.

A can ya fuskanci wata tambaya da magabatansa ba su cika damuwa da ita ba. Sun himmatu wajen sanin abin da ke fitowa idan an haɗa sinadarai, shi kuwa gaggawar sauyin ko nawarsa ta dame shi. Tun a 1850 wani Bajamushe, Ludwig Wilhelmy, ya auna saurin rikiɗar sukari a cikin ruwan asid, amma aikin ya kwanta babu mai waiwayarsa. Littafin da van 't Hoff ya wallafa da Faransanci a 1884, Études de dynamique chimique, shi ya mayar da irin wannan awo fanni mai tsari.

Dabararsa ba ta da wuyar fahimta. A gudanar da gwaji sau biyu cikin zafi iri ɗaya, a sauya kaurin sinadari kaɗai, sannan a kwatanta saurin. Idan an ninka kauri sau biyu sauri ma ya ninku sau biyu, sauyin na mataki na ɗaya ne a harshen masana na yau. Idan ya ninku sau huɗu, na mataki na biyu ne. Muhimmancin wannan ya fito fili a gwajinsa kan rushewar iskar arsin. Lissafin da ake rubutawa a takarda na nuna ƙwayoyi huɗu suna rushewa tare, amma awo ya nuna saurin yana bin mataki na ɗaya. Ashe daidaitaccen lissafi mafari da ƙarshe kawai yake faɗa, ba ya bayyana hanyar da aka bi. Sai an auna. Ya kuma ɓata shafuka masu yawa kan abubuwan da ke gurɓata awo, har da bangon kwalbar gwaji, kuma wannan taka-tsantsan na cikin abin da ya fi ƙara wa littafin daraja. A kan bayaninsa na tasirin zafi ne Svante Arrhenius ya gina sanannen lissafinsa a 1889, ko da yake sunan Arrhenius kaɗai ya bi lissafin.

A 1887 shi da Wilhelm Ostwald suka kafa mujallar Zeitschrift für physikalische Chemie. Nauyin koyarwa da duba jarrabawa ya ishe shi a Amsterdam, don haka ya koma Balin a 1896, inda ya duƙufa kan binciken gishirin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa a Stassfurt. A 1901 ya zama mutum na farko da aka ba lambar yabo ta Nobel a kimiyyar sinadarai. Tarin fuka ya yi ajalinsa a Steglitz, kusa da Balin, ranar 1 ga Maris, 1911, yana da shekara 58.