Khurshid Basha: Gwamnan da ya mai da Hartum birni, da tabon da ya bari

Idan mutum ya taso daga Mayo ya nufi tsakiyar gari, sai ya ɗauka Hartum tun fil azal babban birni ce. To ba haka ba ne. Shekaru ɗari biyu da suka wuce ƙauye ne na manoma da masunta da almajirai a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. Mutumin da ya fi kowa hannu wajen mai da wannan ƙauye fadar mulki shi ne Ali Khurshid Basha, wanda ya riƙe ƙasar daga 1826 zuwa 1838. Shi ne na farko da aka kira hikimdar, wato gwamnan gwamnoni, kuma daga kansa ne Hartum ta zama mazaunin masu mulkin ƙasar, abin da ya kai mu ga walin Jihar Hartum na yau.

Kafin zuwansa, yankin yana ƙarƙashin daular Funj ta Sinnar, wadda aka kafa a 1504. Mahas na tsibirin Tuti su ne tsofaffin mazauna wurin, kuma daga cikinsu ne malami Arbab al-Aƙa'id ya tsallako ya kafa tsangaya a gaɓar Hartum a ƙarshen ƙarni na 17. A 1820 Muhammad Ali Basha, mai mulkin Masar, ya turo ɗansa Isma'il da runduna, yana neman abu biyu: zinariya da bayin da zai mai da su soja. A 1821 Sinnar ta miƙa wuya, sarauta ta ƙare a kan Sarki Badi.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Sababbin masu mulki suka ɗora haraji mai nauyi a kan kowane bawa da saniya da tunkiya da jaki, har ya zama mutum sai ya ba da dukiyar kanta kafin ya iya biya. A ƙarshen 1822 Isma'il ya je Shandi ya ci mutuncin Mak Nimir, sarkin Ja'aliyyin, ya kuma nemi dukiyar da ta fi ƙarfinsa. Da dare aka cinna wa masaukinsa wuta, ya ƙone tare da mutanensa. Surukin Muhammad Ali, wanda ake kira Daftardar, ya taso daga Kurdufan ya yi ramuwar gayya, ya karkashe jama'a, ya ƙone garuruwa. Bayansa aka turo Usman Bey Jarkas a 1824. Shi ne ya fara girke soja a Hartum, amma shi ma da bulala ya karɓi haraji, ga fari, ga agana. Ya mutu a 1825. Mahu Bey, gwamnan Barbar, ya riƙe na wucin gadi, ya ɗan sassauta wa mutane. Bishiyar da ake dangantawa da shi ce ta ba unguwar Shajara sunanta.

A irin wannan hali ne Khurshid, wanda aka haifa wajajen 1786, ya iso a tsakiyar 1826 da muƙamin gwamnan Sinnar. A lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ke kan gado a Sakkwato. Ƙasar da ya tarar kango ce: ƙauyukan Jazira sun watse, manoma sun gudu zuwa iyakar Habasha da duwatsun kudu, gonakin bakin kogi sun koma daji. Ga shi kuma maigidansa a Alƙahira kuɗi yake jira. To wa zai biya haraji alhali masu noman sun tsere?

A nan ne ya nuna ya fi magabatansa dabara. Ya ja wani ɗan ƙasa a jiki, Shaihu Abdulƙadir wad al-Zain, wanda Mahu Bey ya riga ya sani, ya mai da shi babban mai ba shi shawara. Shaihun ya nuna masa cewa mutane ba za su dawo don tsoron bindiga ba, sai dai idan malamansu da shugabanninsu sun ce musu lafiya. Don haka aka ɗauke wa malamai da manyan ƙabilu haraji, aka aika da takardun amana ga waɗanda suka gudu, aka sake tsara kuɗin ƙasa yadda manomi zai iya ɗauka. Shaihu Ahmad al-Rayyah na Arakiyyin ya komo da jama'arsa bakin Shuɗin Nilu. Idris wad Adlan, na gidan waziran Sinnar na dā, wanda ya ƙi miƙa wuya tun farko, ya sauko aka tabbatar masa da shugabancin duwatsun Funj. Sannu a hankali gonaki suka farfaɗo.

Daga nan sai ya juya ga Hartum kanta. Wajajen 1830 ya gina masallacin Juma'a, ya kafa barikin soja, ɗakunan ajiya da wurin ƙera jiragen ruwa. Ya ƙarfafa wa mazauna gwiwa su bar bukkoki su yi gini mai ɗorewa, har yana taimaka musu da kayan aiki. An riƙa kwaso jan bulo daga kufan Soba, tsohuwar fadar daular Alwa, ana gini da shi. Fatake suka fara sauka, na gida da Misirawa da Turawa, domin nan ne hanyoyin Kurdufan da Sinnar da Shandi suke haɗuwa. Muhammad Ali ya gamsu da aikinsa. A 1834 ya haɗa masa lardunan Sinnar da Barbar da Dongola da Kurdufan, shekara guda bayan haka ya zama hikimdar mai ikon farar hula da na soja gaba ɗaya. Mulki ya tattaru a Hartum, tsohuwar Sinnar ta koma baya.

Amma fa, jama'a, tarihin nan yana da ɗaya fuskar, kuma ba daidai ba ne a ɓoye ta. Salamar da mutanen bakin kogi suka samu, wasu ne suka biya kuɗinta da 'ya'yansu. Kusan kowace rani gwamnati kan fitar da runduna farautar bayi, wadda ake kira gazwa. A 1827 Khurshid da kansa ya kai wa Dinka hari, ya kamo ɗaruruwan mutane. A 1830 ya hau Farin Nilu da jirage ya auka wa Shuluk, suka yi masa turjiya mai tsanani. A tsakanin 1831 da 1832 ya shiga ƙasar Taka wurin Hadandawa, inda aka ritsa shi a cikin kurmi, ya yi asarar soja masu yawa, ya komo da ƙyar. Duwatsun Nuba da yankin Fazugli su ma ba su tsira ba. Waɗanda aka kama, majiya ƙarfi a sa su soja, mata da yara a sayar, wani lokaci ma da su ake biyan sojoji albashi.

Akwai wani abu da ya faru da ke nuna yadda lamarin yake. Da Muhammad Ali ya buƙaci ƙarin dakaru don yaƙinsa a ƙasar Larabawa, Khurshid ya yi niyyar ɗibar 'ya'yan manoman bakin kogi. Shaihu Abdulƙadir ya gargaɗe shi cewa in ya yi haka jama'a za su sake watsewa. Sai aka daidaita a kan manyan gari su ba da bayinsu a madadin 'ya'yansu. Shawarar ta ceci gidaje da yawa, amma nauyin ya sauka a kan wanda ba shi da mai magana da yawunsa a fada. Rarrabewar da aka yi tsakanin mutanen kogi da mutanen gefe ta daɗe tana bin Sudan, har ta kai ga rabuwar ƙasar a 2011.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da wahala. A 1836 da 1837 aka yi fari da annobar kwalara. A 1837 kuma rundunarsa ta sha kashi a Wad Kaltabu a hannun Dajazmach Kinfu na Habasha. Wannan iyaka ba baƙuwa ba ce ga mutanenmu, domin Gallabat gari ne na Takarir, mutanen yamma da suka zauna a kan hanyar hajji. Khurshid ya nemi agaji daga Masar, ya tara runduna ya nufi Gallabat, amma Ingila ta matsa wa Muhammad Ali lamba kada ya mamaye Habasha. A 1838 rashin lafiya ta sa ya koma Masar neman magani, bai sake dawowa ba. Ahmad Basha Abu Widan ya gaje shi. Khurshid ya rasu a 1845.

Birnin da ya gina ya ga juyi iri-iri bayansa. Ranar 26 ga Janairun 1885 Ansar ɗin Mahadi suka ci Hartum, aka kashe Gordon, wanda ke kan kujerar da Khurshid ya fara zama. Halifa Abdullahi ya mai da mulki Umdurman, aka bar Hartum kufai, aka riƙa kwasar bulonta ana tsallakawa da shi kogi, kamar dai yadda aka yi wa Soba. Bayan yaƙin Karari na 2 ga Satumban 1898 Kitchener ya sake zana garin. A zamanin Turawan ne kuma, bayan yaƙin Burmi na 1903, ayarin masu hijira daga ƙasar Sakkwato ya iso, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garinsa kusa da Sinnar. Sunan mai riƙe da Hartum ya yi ta sauyawa, daga mudir zuwa muhafiz zuwa wali, iyakar ƙasarsa ta tsuke daga larduna huɗu ta koma jiha ɗaya mai Hartum da Bahri da Umdurman.

Me ya sa muke tuna shi yanzu? Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sake watsa mutanen Hartum, kuma mutanen Mayo sun ɗanɗana, musamman harin da aka kai kasuwar Goro a Satumban shekarar. Duk wanda ke riƙe da jihar yau yana gaban irin tambayar da Khurshid ya tarar a 1826: yaya za a yi waɗanda suka gudu su komo? Abin da ya yi masa aiki a bayyane yake: amana, sauƙin haraji, da sauraron malamai da shugabannin da jama'a suka yarda da su. Inda ya gaza shi ma a bayyane yake, ya gyara tsakiya ya bar na gefe su biya. Mu da muke zaune a gefen birni, waɗanda sau da yawa ake tambayarmu takardar zama ɗan ƙasa alhali kakanninmu a nan aka binne su, muna da haƙƙin mu sa ido mu ga ta wace hanya za a sake gina Hartum a wannan karon, kuma a kan wuyan wa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa.