Malam Aminu Kano (1920–1983): Malamin Makaranta Mai Kamun Kai

Yawancin jama'a sun san Malam Aminu Kano ne a matsayin ɗan siyasa, jagoran talakawa. Amma kafin ya shiga siyasa gadan-gadan, sai da ya yi shekara takwas yana aikin koyarwa, daga 1942 zuwa 1950. Wannan ɓangare na rayuwarsa shi ya fi shafar mai shirin zama malami, domin a cikinsa ake ganin asalin halin da ya shahara da shi, wato kamun kai.

Yana da kyau a ɗan dubi kalmar ita kanta. A cikin kamun kai, mai kamawa da wanda ake kamawa duk mutum ɗaya ne. Yaron da ya yi tsit don ya hango bulala a hannun malam bai kama kansa ba, kama shi aka yi, kuma da zarar malam ya ba da baya shi ke nan. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin abin da za a gani a tarihin nan.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a watan Agustan 1920. Zuriyarsu Fulani ne Genawa, waɗanda aka sani da malanta da aikin shari'a. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Mahaifiyarsa, Rakiya, ita ma mai ilmi ce, kuma a gida ya fara karatun Alƙur'ani. Ta rasu yana ƙaramin yaro.

Kanon da ya buɗe ido a cikinta tana cikin wani babban sauyi. Shekara tara kafin haihuwarsa, wato a 1911, layin dogo ya iso Kano, aka kuma buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. An kafa tashar a wajen ganuwa, daura da Fagge, tsohon zangon fatake masu raƙuma. Ba da jimawa ba aka yanka Sabon Gari domin baƙin da jirgin ya kwaso, ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu. Gyaɗa na fita ta wannan tasha, jaridun Ikko na shigowa ta cikinta. Saboda haka yaron da ya tashi a Sudawa cikin tarbiyyar zaure, tafiyar da ba ta kai ta awa guda ba ce tsakaninsa da wata duniya daban.

An sa shi makarantar elementare ta Shahuci yana kimanin ɗan shekara goma, daga nan ya wuce Midil ta Kano, wadda daga baya ta zama Kwalejin Rumfa. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa a can ya shiga wani yajin karatu da ɗalibai suka yi saboda ƙarancin sabulu, da rashin kyawun abinci, da tsananin dokoki. Malamin da ke auna ladabi da yawan shiru zai ce wannan yaro ba shi da kamun kai. A ganina kuwa hukuncin ya yi gaggawa. Yaron da ya iya tattara abokansa, suka tsaya a kan buƙata sananniya, suka jure abin da zai biyo baya, ya nuna alamar iya sarrafa fushinsa, ba fushin ne ke sarrafa shi ba.

A 1937 ya sami shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka kafa a Katsina aka kuma mayar da ita Kaduna a 1938, ita ce Kwalejin Barewa ta yanzu. Ya gama a 1942 da shaidar malanta.

Aikin Koyarwa

Midil ta Bauchi aka fara tura shi. A can ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau suna koyarwa, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kan tunaninsa. Tare suka riƙa halartar majalisar taɗi ta Bauchi, inda ma'aikata da malamai ke tattauna al'amuran mulki, har tsaurin tambayoyinsu ya sa hukuma ta ga gara a rufe majalisar.

Abin lura a nan shi ne yadda ya ɗauki aji. A zamanin da haddar dole da tsoron malam suka zama jigon makaranta, shi sai ya karkata ga wasan kwaikwayo da muhawara da harkar sikawut. Ya rubuta wasanni da Hausa, waɗanda ɗalibai ke yi a gaban jama'a, yana sukar zamba da zalunci da camfi a cikinsu. Duk wanda ya taɓa shirya wasa da yara ya san irin horon da ke ciki. Dole yaro ya haddace nasa kaso ba tare da an tsaya a kansa ba, ya jira lokacin shigarsa, ya danne dariya alhali 'yan kallo na ƙyaƙyatawa, ya kuma zo gwaji a kan lokaci don kada ya ɓata wa sauran. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bulala ke iya koyarwa. Masanin nan na Rasha, Vygotsky, ya yi bayanin cewa yaro yakan fara ne da bin umarnin da ke zo masa daga waje, sannan a hankali ya mai da umarnin nasa, ya riƙa ba kansa; ya kuma nuna cewa wasa mai ƙa'ida yana daga cikin manyan hanyoyin da hakan ke faruwa.

A 1946 aka tura shi Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan, shekara guda bayan Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je can. Zamansa a Ingila ya zo daidai da lokacin da Indiya ke dab da samun 'yanci, kuma tafarkin Gandhi na gwagwarmaya ba da makami ba, da rayuwa ba almubazzaranci, ya shige shi matuƙa. Sai dai ba daidai ba ne a ce daga Gandhi ya koyi zuhudu. Ɗan gidan malamai ne, wanda ya san rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Abdullahin Gwandu a kan gudun duniya da haƙƙin talakawa. Da ya dawo, ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, ya zama sakatarenta.

Bayan haka aka ɗauke shi daga Bauchi zuwa Maru a lardin Sakkwato, inda akwai makarantar horon malamai. Mutane da yawa sun fassara wannan canji da cewa nesanta shi aka yi daga manyan garuruwa.

Barin Aiki da Shiga Siyasa

Ranar 8 ga Agustan 1950 wasu matasa takwas suka taru a Sabon Garin Kano suka kafa jam'iyyar NEPU. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Ba abin mamaki ba ne da aka yi taron a wannan yanki na kusa da tasha, domin a nan madaba'a da jarida suke, kuma idon fada bai cika kaiwa can ba kamar cikin birni. Malam Aminu yana Maru a lokacin, ma'aikacin gwamnati ne, doka ba ta ba shi damar fitowa fili ba. Kafin shekarar ta ƙare sai ya ajiye aikin ya dawo Kano. Mai takardu irin nasa a Arewar wancan lokaci, inda masu ilmin boko ba su da yawa, babban muƙami na jiransa in da ya yi haƙuri da shiru. Ya bar albashi tabbatacce ya koma abin da ba shi da tabbas. A 1953 ya zama shugaban jam'iyyar.

Ko a cikin siyasa bai bar malanta ba. A farkon shekarun 1950 ya buɗe makarantar Islamiyya a Kano, mai aji da allon bango da jadawali, wadda ke karɓar 'ya'ya mata, abin da ya jawo masa suka mai yawa. Ya dage a kan ilmin mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a, wanda matan Arewa ba su samu ba sai a 1976. Yakan kuma yi tafsiri da azumi.

Shekarun nan sun gwada haƙurinsa. An ɗaure magoya bayansa a kotunan alƙalai, an yi wa wasu bulala, 'yan bangar da ake kira 'Yan Mahaukata sun riƙa far wa tarukansu. Shi kansa ya sha faɗuwa zaɓe, har da na 1954 da Malam Maitama Sule, wani malamin makarantar, ya kayar da shi. Sai a 1959 ya shiga Majalisar Wakilai. Duk tsawon wannan lokaci kiransa ga mabiya shi ne su san haƙƙinsu, su tsaya a kansa a gaban alƙali da hakimi, kada su ɗauki makami. Gaskiya ita ce ba kullum aka bi wannan kira ba. Samarin NEPU ma sun yi faɗace-faɗace a Fagge da cikin birni. Kamun kai ba riga ba ce da shugaba zai cire ya sanya wa na bayansa, kuma wannan iyaka ta shafi malamin aji kamar yadda ta shafi jagoran jam'iyya.

Muƙami da Ƙarshen Rayuwa

A mulkin Janar Yakubu Gowon ya zama kwamishinan tarayya, da farko na sadarwa daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. Ƙarshen wannan lokaci ya zo daidai da ɓarkewar kuɗin man fetur, sa'ad da da yawa daga masu muƙami suka gina gidaje a Ikko da Kaduna da ƙasashen waje. Shi ya sauka kamar yadda ya hau, da farar rigarsa da jar hula. A 1973 Alan Feinstein ya wallafa littafin tarihinsa, shi kuma ya rubuta tarihin amininsa Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958.

A 1978 ya jagoranci kafa jam'iyyar PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Bai ci ba, amma jam'iyyar ta sami gwamnoni biyu, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Ba a daɗe ba ta rabe gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, ya ga waɗansu da suka tashi a hannunsa sun juya masa baya.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, ana shirin wani zaɓen, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa da ke Gwammaja, kuma bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba. An sa wa filin jirgin saman Kano sunansa, haka ma asibitin koyarwa da kwalejin shari'a da nazarin addinin Musulunci. Gidan nasa kuwa, wanda ake kira Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero, ta mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, an kuma adana ɗakinsa da 'yan kayansa don masu ziyara. Allah Ya jiƙansa.