Haɗe: Maharbin da ya bar wa Haɗejiya suna

Tarihin baka ya nuna cewa wani maharbi mai suna Haɗe ne ya kafa garin Haɗejiya. Daga Machina, a jihar Yobe ta yanzu, ya taso yana farauta har ya ɓullo fadamar kogin.

A wancan zamani, maharbin da bai karanci daji ba ƙishirwa ke kashe shi. Sai ya iya bambanta sawun gada da na barewa, ya kuma lura da inda tsuntsaye ke dosa da almuru, domin galibi can ruwa yake.

Haɗe ya tarar da tafkuna cike da kifi da ƙasa mai albarka, sai ya yada zango tare da matarsa Jiya. Sunayensu biyu aka haɗa aka raɗa wa garin.

Har yau tsuntsaye daga Turai na sauka a dausayin Baturiya lokacin hunturu. Sai dai tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ruwan da ke malala fadamar ya ragu, ciyawar kachala kuma ta toshe magudanai. Masunta da manoman rani ne ke ji a jikinsu.