Katsushika Hokusai, Gwanin Zane na Ƙasar Japan (1760–1849)

An haifi Hokusai a shekarar 1760 a birnin Edo na ƙasar Japan, wanda yau ake kira Tokyo. Sunansa na yaro Tokitaro. Tun yana ɗan shekara shida ya fara zane-zane. Da ya kai shekara 12 sai aka sa shi aiki a wani shagon ba da aron littattafai, inda ya riƙa ganin hotunan da aka buga cikinsu. Yana da shekara 14 aka kai shi wurin wani masassaƙi domin ya koyi sassaƙa allunan buga hoto, ya yi kusan shekara huɗu a can.

Ya kamata mu san irin aikin da ya koya, gama a kansa ne ya gina rayuwarsa duka. A zamanin nan hoto ɗaya yakan bi ta hannun mutum huɗu: mai zuba jari wanda zai sayar, mai zane, masassaƙi da mai bugawa. Mai zane zai yi zanensa da baƙar tawada a kan takarda marar kauri. Masassaƙi zai kife takardar a kan allon katakon ceri, ya manne ta, sa'an nan ya bi layin zanen da wuƙa mai kaifi, ya ƙwaƙule sauran katakon, ya bar layin kaɗai a tsaye. In hannunsa ya goce ya yanke layi ɗaya, aikin kwana da kwanaki ya lalace. Kowane launi da nasa allon, har hoto ɗaya yakan ci allo goma ko fiye. A gefen kowane allo akan sassaƙa alama da ake kira kento, inda za a daidaita bakin takarda don kada launi ya zarce wurinsa. Mai bugawa zai shafa launi da ɗan ƙullun shinkafa a kan allon, ya ɗora takarda mai laima, ya goga bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora, wanda ake kira baren. Ba inji, sai ƙarfin hannu. Saboda ana bugawa da yawa, talaka ma yana iya sayen hoto da kuɗin da bai wuce na kwano ɗaya ko biyu na taliya ba.

Da ya kai shekara 18 sai ya shiga gidan Katsukawa Shunsho, wani mashahurin mai zanen 'yan wasan kwaikwayo. Maigidan ya sa masa suna Shunro, da sunan nan kuwa ya fitar da hotunansa na farko a 1779. Bayan mutuwar Shunsho a 1793, Hokusai ya rabu da gidan, ya shiga koyon salon wasu makarantu, har da yadda Turawa ke nuna nisa da kusa a zane. Ya sake suna fiye da sau 30, an kuma ce ya sake gida fiye da sau 90.

A 1814 ya fara fitar da littattafan zane da ake kira Hokusai Manga domin masu koyo. A ciki akwai mutane a bakin sana'a, dabbobi, tsuntsaye, itatuwa da gine-gine. Littattafan sun kai 15, na ƙarshensu an buga su bayan mutuwarsa.

Abin mamaki, aikin da ya fitar da sunansa duniya bai zo ba sai da ya kai shekara 70. Wajen 1830 zuwa 1832 ya fitar da jerin hotunan dutsen Fuji guda 36, da suka sami karɓuwa ya ƙara 10. Cikinsu akwai hoton babbar igiyar ruwa ta Kanagawa, wadda ta taso za ta rufe jiragen masunta uku, ga dutsen Fuji can nesa ɗan ƙarami. Ya yi amfani da wani sabon shuɗi da ake shigowa da shi daga waje, wanda ba ya saurin koɗewa.

Suna bai kawo masa hutu ba. Wani jikansa ya ci bashi mai yawa, biyan ya faɗa a kansa, ya zauna cikin talauci. A 1839 gobara ta cinye gidansa da zane-zanen da ya tara shekara da shekaru. Bai ajiye alkalami ba. 'Yarsa Oi, wadda ita ma gwanar zane ce, ta zauna tare da shi tana taimakonsa. A wani littafinsa na 1834 ya bayyana cewa bai ɗauki abin da ya zana kafin shekara 70 a bakin komai ba, yana kuma sa rai sai ya wuce shekara 100 zai gwanance sosai. Ya mutu ran 10 ga Mayu, 1849, yana da shekara 88, yana fatan ƙarin ko da shekara biyar domin ya zama mai zane na gaske. An ƙiyasta ayyukan da ya bari sun kai 30,000.

Bayan mutuwarsa hotunansa suka isa Turai, masu zane irin su Monet da Van Gogh suka koyi abubuwa daga gare su. A 2024 Japan ta sa hoton igiyar ruwan nan a bayan sabuwar takardar kuɗinta ta yen 1,000.

Ɗalibai, da yawanmu mukan rena aikin hannu, mukan kuma gaji da abu in bai ba mu sakamako nan da nan ba. Hokusai ya fara da wuƙa da katako a gaban maigida, ya yi fiye da shekara 50 yana aiki kafin babban aikinsa ya fito, ya kuma mutu yana ganin kansa ɗan koyo. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Ku da ko gemun ba ku yi ba, sai ku ƙara ƙoƙari.