Ɗan'uwa Lorans: Kukun da Ya Zauna Kusa da Allah

A wannan fitowa na zaɓi in kawo tarihin wani bawan Allah wanda bai taɓa riƙe muƙami ba, bai yi karatu mai zurfi ba, amma har yau Kirista a ko'ina suna karanta labarinsa.

Sunansa na yanka Nikolas Herman. An haife shi wajen shekarar 1614 a wani ƙauye cikin yankin Loren, wanda yanzu yake gabashin Faransa. Yana da shekara 18, wata rana da hunturu ya tsaya yana kallon wata bishiya da ta kakkaɓe ganyenta ƙaf. Sai ya tuna cewa ba da daɗewa ba za ta sake toho, ta yi fure, ta yi 'ya'ya. Daga nan ikon Allah da kulawarsa suka shiga zuciyarsa, kuma ba su sake fita ba.

Ya shiga soja a zamanin Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya ɗaiɗaita Turai daga 1618 zuwa 1648. An taɓa kama shi bisa zargin leƙen asiri, aka sake shi, daga baya ya sami rauni a ƙafa wanda ya bar shi da ɗingishi har mutuwarsa. Da ya bar soja ya yi barantaka a gidan wani babban ma'aji, inda shi da kansa ya shaida cewa kome ya taɓa sai ya fasa. A 1640 ya shiga gidan ibada na ɗariƙar Karmel a birnin Paris, aka raɗa masa suna Lorans. Bai zama fada ba, ɗan'uwa mai hidima ne kawai, sai aka tura shi kicin.

Nan ne labarin ya fi jan hankalina, domin mutumin nan ba ya son aikin kicin ko kaɗan. Mu da muka yi makarantar kwana mun san wurin: hayaƙi, manyan tukwane, kowa yana kiran kuku a lokaci guda, ba mai tunawa da shi sai ran da miya ta yi salam. Haka ya yi shekara 15. Shekarunsa goma na farko a gidan ma ba na daɗi ba ne, don ya sha fama da tsoron cewa Allah ya yashe shi. Abin da ya fid da shi abu ne mai sauƙin faɗa. Kafin ya fara aiki sai ya roƙi Ubangiji taimako, yana cikin aiki yana magana da shi a zuci kamar yadda mutum yake yi da amininsa, in ya gama ya duba yadda ya yi. In ya yi daidai ya gode, in ya kasa ya nemi gafara ya ci gaba, ba ya zama yana cin kansa. A hankali lokacin addu'a da lokacin wanke-wanke suka zama ɗaya a gare shi.

An taɓa aikensa Bargandi sayen ruwan inabi na gidan. Ga shi bai iya ciniki ba, ga ƙafa ba lafiya, har sai da ya riƙa mirginawa a kan ganguna kafin ya zaga cikin jirgin ruwan. Ya miƙa wa Allah sha'anin, aka kuwa yi sayayya lafiya.

A ganina mu ma'aikatan gwamnati ne muka fi bukatar wannan labari. Da yawa cikinmu an tura mu sashen da ba mu so, ƙarin girma ya makale, fayil ya taru a tebur, sai mu ajiye bangaskiya a majami'a ran Lahadi, mu shiga ofis ran Litinin da wata zuciya dabam. Lorans ya yi shekara 50 a mataki ɗaya. Da ƙafar ta matsa masa, canjin da ya samu shi ne daga kicin zuwa ɗakin gyaran takalma. Wanda yake ganin Allah yana tsaye kusa da teburinsa, da wuya ya ɓoye fayil ɗin wani tsoho mai jiran fansho don a ba shi na goro.

Sannu a hankali mutane suka ji labarinsa, manya da ƙanana suna zuwa neman shawara wurin mai gyaran takalma. Cikinsu akwai wani fada mai suna Yusufu na Bofor, wanda ya fara zama da shi ran 3 ga Agusta 1666, yana komawa gida yana rubuta abin da ya ji. Lorans ya rasu ran 12 ga Fabrairu 1691, yana da kimanin shekara 77. Bayan rasuwarsa Bofor ya tattara wasiƙunsa da hirarrakinsu ya buga a 1692 da 1694. Daga cikinsu aka sami ɗan ƙaramin littafin nan a kan sabawa da zama a gaban Allah, wanda 'yan Katolika da sauran ikkilisiyoyi suke karantawa, har John Wesley ma ya sa shi cikin littattafan da ya zaɓar wa mabiyansa.