Fada Tansi: Limamin Aguleri da aka dawo da ƙasusuwansa daga Ingila

An haifi Iwene Tansi a shekarar 1903 a Aguleri, cikin jihar Anambra ta yanzu, a gidan manoma masu bin addinin gargajiya. Yana ɗan shekara 9 aka yi masa baftisma da sunan Michael. Ya yi aikin koyarwa kafin ya shiga makarantar horar da limamai a Igbariam a 1925, aka naɗa shi limamin ɗarikar Katolika a Onitsha a watan Disamba na 1937.

Shekara 13 ya yi yana zaga ƙauyukan Nnewi da Dunukofia da Akpu, a ƙasa ko bisa keke. An san shi da gudun duniya da tsanani, har wasu na ganin tsananin ya yi yawa, amma ya tsaya wa mata da zawarawa a lokacin da al'ada ke tauye su. Cikin yaran da ya yi wa baftisma akwai Francis Arinze, wanda daga baya ya zama Kadinal.

A 1950 ya bar duk wannan, ya shiga gidan sufaye na Mount Saint Bernard a Ingila, inda aka raɗa masa suna Cyprian. Can ya rasu ranar 20 ga Janairu, 1964, ana shirin tura shi Kamaru.

Kabarinsa ya yi fiye da shekara 20 a baƙuwar ƙasa. A shekarun 1980, da aka fara binciken rayuwarsa, aka tono ƙasusuwansa aka kawo su Onitsha. A wurin mabiya Katolika irin wannan aiki yana da ƙa'ida: sai da izinin hukumomin coci, a gaban shaidu, a tantance ƙasusuwan, a rufe su cikin akwati mai hatimi. Dokar cocin ta haramta sayar da su ƙwata-ƙwata, domin tarihi ya nuna yadda 'yan damfara suka sha cin kasuwa da na jabu.

Wata mata mai fama da ciwo ta taɓa akwatin a Onitsha, kuma cocin ya karɓi warkewarta a matsayin mu'ujiza. Da wannan Paparoma John Paul na Biyu ya ba shi matsayin Mai Albarka a Oba, ranar 22 ga Maris, 1998. Kafin a ayyana shi waliyyi, sai fadar Vatican ta tabbatar da mu'ujiza ta biyu.